Ciwon da Hajara Ta Ɗauko a Garke

Ranar Asabar ta ƙarshe a watan Afrilun 2008, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, mu huɗu ne a garken surukina da ke bayan garin Minna: ni, da matata Hajara, da mahaifinta Baba Audu, da Jauro Buba, Bafulatanin da rugarsa ke gab da gonar. Wata jar saniya ce ke naƙuda tun da hantsi, alhali cikinta bai isa haihuwa ba. Wata bakwai, in ji Baba.

Garken ba wani babba ba ne. Shanu biyar, tumaki goma sha huɗu, da rumfar kwano ɗaya. Amma duk shekara, da ruwan farko ya sauka dabbobi suka fara haihuwa, Baba yakan aiko a kira Hajara daga gidanmu na Ketaren Gwari. Marigayiya mahaifiyarta ce ta koya mata aikin tun tana budurwa, domin hannunta siriri ne, yana shiga inda na namiji ba ya shiga. Takan naɗe hannun riga, ta shafa sabulu har kafaɗa, ta juya ɗan tunkiyar da ya zo a gicciye, ta jawo shi. Idan ya faɗo babu numfashi, sai ta share masa hanci da bakin zaninta, ta kafa baki ta hura masa. Na sha ganin ɗan rago ya yi atishawa a hannunta bayan kowa ya fid da rai. Ni dai nawa riƙe igiya ne da ɗebo ruwa.

A ranar, maraƙin a mace ya fito, ko gashin kirki babu a jikinsa. Duk da haka sai da ta hura masa sau uku. Mabiyiya kuma ta ƙi faɗowa. Ranar Litinin Hajara ta koma ita kaɗai, ta sa hannu ta ɓamɓaro ta kaɗan-kaɗan, ta riga ta soma wari. Akwai yankan wuƙa a ɗan yatsanta a lokacin, garin yanka kuɓewa ta ji ciwon, ni ne ma na ɗaure mata da tsumma.

Na lura da abu ɗaya ranar Asabar ɗin, ban kuma ba shi muhimmanci ba. Jauro bai taɓa saniyar ba. Mutumin da ba ya iya ganin dabba a kwance ya ƙyale ta, sai ya tsaya can gefe ya dogara da sandarsa, yana kallon wani kumburi kamar lemo a gwiwarta ta gaba.

"Baba Audu, wannan nagge a ina ka samo ta?"

"A kara. Da cikinta na saye ta, kuma da araha."

"Da araha," in ji Jauro. "To, Allah ya sa albarka."

Bayan kwana biyu ya daina kai shanunsa rafin da na Baba ke shan ruwa.

A mako na uku zazzaɓi ya soma. Da safe lafiya lau take tashi, ta yi shara, ta ɗora tukunya. Da la'asar ta yi sai sanyi ya kama ta, ta ja bargo a cikin zafin Minna, haƙoranta suna kaɗawa. Kafin gari ya waye ta jiƙe zanin gado sharkaf da gumi, wani irin gumi mai warin harawar da ruwa ya daka. Na je kemis ɗin bakin layinmu na yi bayani. Kafin in rufe baki ya miƙo mini ƙwayar maleriya. Ta sha kwana uku, zazzaɓin ya lafa, muka yi hamdala. Bayan kwana shida ya dawo, a daidai lokacinsa.

A mako na biyar muka je asibiti. Mun isa ƙarfe bakwai saura, muka tarar da layi ya kai bakin ƙofa. Wajen goma da rabi muka iso tagar yankan kati. Ma'aikacin ya tambayi suna, da shekaru, da unguwa, ina ba shi amsa, Hajara na jingine da bango a gefena. Sai ya ce, "Aikin me take yi?"

Na ce, "Ba ta aiki. Matar gida ce."

Ya rubuta. Ni ne na faɗi wannan magana, ba wani ba, kuma zan dawo kanta.

Ƙarfe ɗaya saura muka ga likita. Aikina karanta labarai ne a gidan rediyo, shekaru sun koya mini auna minti ba tare da duba agogo ba. Zamanmu a gabansa bai cika minti uku ba. Zazzaɓi? E. Ciwon kai? E. Ciki fa? Wani lokaci. Ya rubuta gwajin jini, bai ɗaga kai ba. Washegari sakamako ya fito, aka ce taifot ne. Ƙwaya ta kwana goma. Zazzaɓin ya yi ƙasa, ya ba mu hutun mako guda da 'yan kwanaki, ya sake dawowa.

A nan dangi suka shigo. Gwaggo Kande, ƙanwar Baba Audu, ta zo daga Sabon Gari da galan cike da jiƙon saƙe-saƙi. Ta buɗe idon Hajara da yatsa biyu ta leƙa.

"Shawara ce. Ku 'yan boko da an ce zazzaɓi sai asibiti. Wannan shawara ce ta kwanta mata a jini."

"Gwaggo, likita ya ce taifot."

"Likitan ya haife ta? Ni na yi mata wankan jego sau uku, na san jikinta."

Hajara ta sha don kada Gwaggo ta ji ba daɗi, ta yi kwana biyu tana gudawa. Da Gwaggo ta dawo ta ga babu sauƙi, sai ta sauya magana. Ta ce iska ce, ai ta sha faɗa a daina barin mace tana shiga garke da tsakar rana. Ta kawo turare. Na tuna na yi murmushi a raina don na ga kamar na fi ta sani. Yanzu da nake rubuta wannan, na san a cikin duk waɗanda suka duba Hajara a watanni ukun farko, masu farar riga da marasa ita, Gwaggo Kande ce kaɗai ta ambaci garke.

A mako na tara ciwo ya sauka a kwankwaso. Da farko idan ta sunkuya ne take jin sa. Daga baya ko juyi a kan gado sai ta cije leɓe. Wani abokin aikina ya ce in daina wahalar da kaina a layi, in kai ta asibitin kuɗi. Muka je. Wuri mai tsabta, da fanka, da talabijin a ɗakin jira, aka kuma karɓe mu da fara'a. Suka karɓi tsohon katinmu suka kwafe abin da ke ciki. Suka sake gwajin nan dai na taifot, ya sake nuna abin da ya nuna. Mai asibitin ya ce, "Taifot ne mai taurin kai. Za mu kwantar da ita." Kwana huɗu ana yi mata ƙarin ruwa, leda na ƙarewa ana rataya wata, har da mai launin rawaya da nas ta ce na ƙarin ƙarfi ne. Albashin watan a can ya ƙare. Ranar sallama na ce masa, "Likita, ciwon bayan nan fa? Taifot yana kama baya?" Ya dafa kafaɗata ya ce kwanciya ce ta yi mata yawa, ta riƙa motsa jiki.

Sau huɗu aka yi wa Hajara wannan gwaji a wurare uku. Daga baya ne aka gaya mini cewa gwajin yakan nuna taifot ko da wani ciwon ne daban ke jikin mutum, kuma duk wanda ya karanci aikin ya san haka. Ban ga laifin likitan da bai gane ciwo a ganin farko ba. Amma mace ta dawo maka sau uku da zazzaɓi iri ɗaya, ta shanye maganinka bai yi ba, ka sake rubuta mata shi ba ka tambaye ta ko da yadda take wuni ba, wannan ba rashin kayan aiki ba ne. Tambaya ba ta bukatar wutar lantarki.

Zuwa mako na goma sha ɗaya ta rame har zobenta ya daina zama a yatsa. Wani likita ya ja ni gefe, ya rage murya, ya tambaye ni ko ina yawan tafiye-tafiye. Na gane inda ya dosa. Na ce a gwada mu duka biyu. Aka gwada, babu ƙanjamau. Amma kafin takardar ta fito, maganar ta riga mu isa unguwa. Mata biyu da suka saba aiko yara ɗibar ruwa a rijiyarmu suka daina. Wadda ba ta daina shigowa ba ita ce Maman Rahila, maƙwabciyarmu ta jikin katanga, nas ce da ta yi ritaya, mutanen kudancin Kaduna ne ita da mijinta. Kullum da safe sai ta shigo da kunun gyaɗa a kofin silba, ta zauna bakin gado ta ce, "Maman Sadiya, sai kin shanye zan tashi, ni ba ni da wurin zuwa." Allah ya saka mata da alheri.

A mako na goma sha uku Hajara ta kasa tsayuwa. Ta yunƙura za ta yi alwala, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukar ta, ta zube a bakin ƙofa. Daga ranar ni nake ɗaukar ta zuwa bayan gida, idan ina wurin aiki kuma Maman Rahila ta sa mata fo. Matar da ke kayar da tunkiya da hannu ɗaya. Wata rana ina gyara mata matashi ta ce, "Malam, ka gaya mini gaskiya. Zan sake takawa?" Na ce in sha Allahu. Ta ce, "Ba sanarwa na ce ka karanta mini ba."

Muka koma babban asibiti, a kwance a bayan tasi. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton a taga, ya nuna mini wani wuri a ƙasan gadon baya inda ƙasusuwa biyu suka soma cinyewa. Ya ce tibin ƙashi ne, za a ɗora ta a kan magani na watanni masu yawa, mu dawo ranar Laraba. Na tambaye shi yadda aka yi ta kamu, tun da ba ta tari, babu kuma mai tari a gidanmu. Ya ce, "Malam, akwai mutane a waje."

Ranar Lahadin da ke tsakani, mijin Maman Rahila ya dawo gida. Malam Bitrus malamin dabbobi ne, an tura shi wajen Kagara aikin rigakafi tun farkon damina, sai jefi-jefi yake leƙo iyalinsa. Da suka taso daga coci suka shigo dubiya tare, yana riƙe da ledar lemo. Ya zauna a kujerar roba, ya yi mata sannu, ya ce a ba shi labari tun daga farko. Shi ne mutum na farko da ya nemi a fara daga farko. Na ba shi, mako-mako. Da na zo kan zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumin, da bayan, sai ya ajiye ledar a ƙasa.

"Madam, ba ke ce ke zuwa gonar Baba karɓar haihuwa ba?"

"Ni ce."

"Akwai wadda ta yi ɓari bana?"

"Jar saniya. Bayanta kuma an ce karsana ma ta zubar."

"Mabiyiya ta faɗo da kanta?"

"Ni na cire."

"Da hannu?"

"To da me zan cire, Malam Bitrus, da ludayi?"

Maman Rahila ta yi dariya. Shi bai yi ba. Ya tambaya ko saniyar na da kumburi a gwiwa. Na ce tana da shi, na gani da idona.

"Bakale ke nan," in ji shi. "Haka Fulani ke kiran sa. Yana sa shanu ɓari. Yana cikin ruwan haihuwa, da mabiyiya, da ɗanyen nono. Kuma yana kama mutum, Maigida. Mu da ke wannan aiki shi muke tsoro fiye da ƙaho. Kun gaya wa likita tana taɓa dabbobi?"

Na ce babu wanda ya tambaya.

"A katinta fa, me aka rubuta?"

Hajara ce ta amsa, tana kallon silin.

"An rubuta ba na aiki. Maigidana ne ya faɗa, ina tsaye. Shekara goma sha tara ina cusa hannu a cikin dabbobi, shi yana riƙe igiya, amma ba na aiki."

Ba ta ɗaga murya ba. Maman Rahila ta ce, "Kai, maza!" ta tashi ta hau gyara labulen da babu abin da ya same shi.

Na yi ta juya wannan magana. Ban yi ƙarya da gangan ba. A wurinmu idan an ce aiki, ana nufin inda ake zuwa da takalmi a dawo da albashi. Abin da mace ke yi a garken ubanta taimako ne, zumunci ne, ba a rubuta shi a kati. Haka na ɗauka, haka ma'aikacin taga ya ɗauka, haka duk likitan da ya karanta katin ya ɗauka. Laifina ne na farko. Amma likita shida suka duba ta bayan ni, kuma an koya musu abin da ba a koya mini ba.

Ranar Laraba na koma wurin likitan hoton ƙashi, na faɗa masa abin da Malam Bitrus ya ce. Ya ajiye biro.

"Wane ne ya gaya maka?"

"Maƙwabcina. Malamin dabbobi ne."

"To ka kai masa ita ya yi mata allurar shanu."

Na fito. Ina tsaye a baranda sai wata nas da ta ji abin da ya faru ta matso ta ce in jira ɗaki na uku, akwai wata likita da ke zama bayan azahar, ita tana saurare. Ban san sunan nas ɗin ba har yau.

Likitar matashiya ce. Ta saurare ni har na gama, sannan ta juya ga Hajara ta yi mata tambayoyi na kusan rabin awa: ranar ɓarin, yankan yatsa, hurawa da baki, ko tana shan nonon garken ba a tafasa ba. Ta jawo wani littafi mai kauri daga durowa ta duba a gabanmu, ba ta ji kunya ba. Ta ce sunansa a wurinsu burusela, ta karanta shi a makaranta, ba ta taɓa neman sa a jikin mutum ba. Ta ce a dakata da maganin tibi. Sannan ta ce, "Matsalar ita ce ba mu da gwajinsa a nan."

Likitocin dabbobi ne ke da shi, a Zariya. Malam Bitrus ya je garke ya ɗebi jinin shanu biyar ɗin. Likitar ta ɗebi na Hajara, ta haɗa da wasiƙa. Ya jera kwalaben a cikin kula da ƙanƙara, ya hau motar Zariya da kuɗin aljihunsa, ya ƙi karɓar nawa. Jinin matata da na jar saniya a kula ɗaya suka yi tafiya. Bayan kwana biyar ya dawo da takarda. Saniyar na da shi, karsanar na da shi, Hajara na da shi.

A mako na goma sha shida aka fara maganin gaskiya. Allura kullum har mako uku, da ƙwayoyi na wata uku. Babu ɗaya a cikinsu da ba a samu a kemis ɗin bakin layinmu, wanda na fara zuwa. Maman Rahila ce ke yin allurar, ƙarfe takwas na safe ba ta saɓawa, yau ɗuwawun dama gobe na hagu, tana yi tana tsokanar ta: "Ke da kike sa hannu a cikin saniya, ɗan tsinken nan kike rufe wa ido?" A kwana na tara la'asar ta yi, muka zauna muna jiran sanyin, bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Hajara ta ce a dafa mata tuwon shinkafa da miyar taushe, ta cinye.

Da muka koma, na tambayi likitar maganar ƙafa. Ta sake ɗaga hoton. Ta ce, "Ciwon zai tafi. Amma abin da ya riga ya ci ba zai amayar ba." Ta ƙara da cewa da an zo da wuri, tun bai sauka a ƙashi ba, da ƙwaya da allura sun gama komai. Na ce mata, "Likita, a mako na biyar muka zo. Ga katin." Ta duba kwanan watan da ke kai, ta mayar mini. Na gode mata da ba ta kare kowa ba.

Saura maganar saniya. Malam Bitrus ya gaya wa Baba Audu a gabana cewa a yanka jar saniyar da karsanar, kada a sayar da su da rai, domin duk garken da suka shiga sun kai masa. Baba ya ce to. Na je wurin Jauro na tambaye shi dalilin da ya sa ya yi shiru tun ranar farko. Ya rantse bai san yana kama mutum ba. Ya ce, "Na ga bakale ne. Amma mutum ya sayo dabba yana murna, ka ce masa ya sayo cuta? Ba a yi." Na yarda bai sani ba. Sai dai ya san abin da ya isa ya janye shanunsa daga rafi.

Azumi ya kama, Hajara ba ta yi ba saboda magani. A cikin goman farko Baba ya zo dubiya da rana, da ƙwaryar ƙwan zabi. Ya zauna a tabarma, ni ina daga bakin ƙofa kamar yadda ya kamata suruki ya zauna. Hajara ta tambaye shi ko an yanka shanun.

Ya ce, "An rabu da su."

"Baba, an yanka?"

"Na ce an rabu da su. Na kai kara."

Ya ci gaba da kansa, ba wanda ya tambaye shi. Ya ce mahauta rabin kuɗi suka taya don sun ji labari. Ya ce gwamnati ba ta biyan diyya, Bitrus da kansa ya faɗa. Ya ce shanu biyu cikin biyar ba wasa ba ne ga mai shekara saba'in. "Ni ma ai haka aka sayar mini. Wa ya gaya mini?"

Ni ba zan iya ɗaga wa surukina murya ba, ban kuma ɗaga ba. Hajara ta dafa bango ta ɗan tashi zaune, abin da ba ta yi da kanta ba tun makonni.

"Wa ya saya, Baba?"

"Wani mutum ne daga wajen Kagara. Ban san shi ba."

"Yana da mata?"

"Ina zan sani, Hajara?"

"Yana da ita. Ko mata, ko 'ya. In jar nan ta sake ɓari, ba shi zai sa hannu ba."

Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Can ya ce Allah ya kiyaye, ya tashi, ya manta hularsa a kan tabarma.

Ranar kasuwa muka je kara ni da Malam Bitrus. Muka sami dillalin da Baba ya ba shanun. Ya ce shi shanu ɗari ke bi ta hannunsa, jar saniya kuma ba ɗaya ba ce a duniya. Da Malam Bitrus ya ce masa mai kumburin gwiwa, sai ya ce, "Oga, in ka zo saye ne ga shanu. In ka zo ɓata mini kasuwa ne, ga hanya." Malam Bitrus ya bar saƙo wurin abokan aikinsa na Kagara su sa ido. Ba a gan ta ba.

Shekara da shekaru ina karanta sanarwar rigakafin dabbobi a rediyo, ta ciwon huhu, ta ciwon bushiya, duk don kada manomi ya yi asarar dukiya. Ban taɓa karanta wadda ta ce wa mai karɓar haihuwar dabba ya kare hannunsa ba. Don haka nake faɗa a nan. Duk dabbar da ta yi ɓari, kada a taɓa ɗan ko mabiyiyar da hannu tsirara. In babu safar hannu, a zura leda biyu a ɗaure, a haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa wa karnuka. Kada a hura wa ɗan dabba da baki, ko da an gada daga uwa. A tafasa nono. Wanda kuma zazzaɓi ke yi masa zuwa da komowa, ya gaya wa likita cewa yana taɓa dabbobi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. In likitan ya ji haushi, a nemi ɗaki na gaba.

Hajara ta tsaya da ƙafarta a mako na ashirin da biyu, tana riƙe da kafaɗar Maman Rahila. Ta yi wata huɗu da sanda, sannan ta ajiye. Tana zuwa kasuwa, tana girki a tsaye, zazzaɓin bai sake dawowa ba. Ƙasusuwan nan biyu sun haɗe wuri ɗaya, bayanta ba ya lanƙwasuwa. Shekararta talatin da takwas a lokacin. Tun daga wannan shekarar a kan kujera take salla.